Ina Muryar Ardo Manu?

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyar ci gaban garinmu, da sauran 'yan kwamitinsa mazauna Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya aiki, yaya kuma muka ji da wannan tsadar rayuwa? Allah ya sa mu ga bayanta lafiya.

Bayan haka, Alhaji, damina huɗu ke nan ina ɗauke da tambaya guda ɗaya, har yau ban sami wanda zai dubi idona ya amsa mini ba. Na yi ta zuwa ofishinku na nan gari har akawu ya daina miƙo mini kujera. Na tare sakatare a kasuwar Gwarzo, ya ce in bari sai an yi taro. Aka yi taron, aka ce lokaci ya ƙure. Na aika maka saƙo ta hannun direban da ke kai maka hatsi, ya dawo mini da goro da gaisuwa. Na gode da goron, na kuma ci, amma ba shi na aika nema ba. Shi ya sa na ce a kai wannan takarda jarida, tunda na lura ku 'yan boko abin da aka rubuta kuke jin nauyinsa, ba wanda aka faɗa muku baki da baki ba.

Ni ban yi boko ba. Ni na faɗa, maƙwabcina Malam Sabo, tsohon hedimasta, ya rubuta. Na sa ya karanta mini sau biyu, duk inda ya sassauta mini magana na sa ya mayar da ita yadda ta fito daga bakina. Saboda haka kada kowa ya riƙe shi a zuci. Kuma don masu karatu da ba su san zancen ba, zan ɗauko shi daga tushe.

Na farko, burtali.

Akwai burtalin shanu da ya taso daga wajen Dugabau, ya ratsa ta bayan garinmu, ya gangara mashaya. Muna samari aka yi rikici a kansa tsakanin manoma da masu kiwo, dagacin wancan lokaci ya fita da dattawa suka shata shi. Ni na riƙe bakin igiya ɗaya, Manu ya riƙe ɗayan, shi ne wanda daga baya ya zama Ardo. Ba takarda, ba siminti. Alamarmu abin da Allah ya ajiye a wurin ne: tsamiya mai kogo, suri biyu masu kallon juna, aduwar da aradu ta tsaga. Inda babu komai muka dasa gamba. Dattawan nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Aduwa ta faɗi an yi itace da ita, gambar ma an tumɓuke yawancinta. Ya zama daga ni sai Ardo Manu muka san inda kowace alama take, da taku nawa ne tsakaninta da ta gaba.

Na biyu, kwamfutocinku.

Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a kuka kawo kwamfuta biyu na hannu, ba sababbi ba, kuka ajiye a ofis, kuka danƙa su ga mutum biyu 'yan garin nan da suka yi karatun abin, waɗanda sana'arsu a Kano ita ce rubuta wa na'ura umarni. Ɗaya Injiniya Nasiru ne. Ɗayan kuwa, kowa a nan ya sani, ɗana ne na fari. Ba zan sa a rubuta sunansa ba. Tun ranar da aka raɗa masa shi ban taɓa kiransa da shi ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Zan riƙa cewa na wajena.

Ashe ita kwamfuta gangar jiki ce kawai, sai an zuba mata wani abu da suke kira manhaja kafin ta san hagu da dama, kuma manhajar ba iri ɗaya ba ce. Nasiru ya zuba wa tasa irin wadda ke kowane ofis a birni, in ta tashi sai ka ga koren tudu da sararin sama. Na wajena ya zuba wa tasa wata daban da ya ce kyauta ce, mutanen duniya ne suka haɗu suka yi ta, alamarta wani tsuntsu mai farin ƙirji yana zaune kamar ya ƙoshi.

Daga ranar ba a sake shan iska lafiya a ƙofar masallaci ba. Duk Juma'ar da suka zo gida, ana sallame salla sai su ɗora daga inda suka tsaya. Na ga gardamar ƙabalu da sadalu a garin nan, ba ta kai wannan zafi ba, ita waccan aƙalla kowa ya san a kan me ake yinta. Nasiru ya ce tasa ko makaho ya laluba zai gane hanya, ta abokinsa kuwa sai ka yi ta rubuta mata surkulle a baƙin allo kafin ta ba ka ruwan sha, firinta ma ba ta jin maganarta. Na wajena ya ce ta Nasiru kullum a kwance take da cuta, ka yi aikin yini guda ta sandare maka, kuma sauƙin da ake faɗa sabo ne kawai, ba sauƙi ba. Da abin ya yi nisa sai ya ce ai faifan da Nasiru ya zuba manhajar da shi ma na sata ne, kwafarsa aka yi a kasuwa ba da izinin masu shi ba, a wannan zamani na Shari'a. Aka kai wa Liman. Liman ya tambaya ko masu abin sun wayi gari sun ga babu nasu. Aka ce a'a, nasu na nan. Ya ce to a ba shi lokaci ya duba littattafai, don shi bai taɓa cin karo da satar da mai kaya bai rasa komai ba. Har yau yana dubawa.

Ana cikin haka na wajena ya kawo shawara a ɗauki maganar burtali a adana, tunda mu biyu muka rage kuma duk mun tsufa. Na ce a kawo rikoda da kaset, abin da muka sani. Aka yi mini dariya, har da kai Alhaji. Ka ce, "Baba Idi, rikoda tana tauna kaset, kwamfuta kuwa ba ta mantuwa." Ban manta wannan magana ba. Kwana uku ana ɗauko Ardo Manu a kan babur yana fama da tari, ya zauna gaban kwamfutar na wajena, ya riƙa jero alamomi ɗaya bayan ɗaya. Ina gefensa ina cewa haka ne, inda muka saɓa mu yi musu har mu daidaita. Duk ta ɗauka, har tarin. Bayan wata biyar Allah ya karɓi abinsa.

Na uku, ranar gwaji. Wannan ne wurin da ke mini nauyi, amma zan faɗa.

Mai ya yi tsada, janareta ba ya ɗaukar biyu, akawu ɗaya gare ku, shi ma ya ce kansa ba zai ɗauki karatu biyu ba. Kuka yanke a mayar da su iri ɗaya, a bar guda a ofis a kai guda makaranta. To ta wa za a bi? Sai wani a cikinku ya kawo dabara, a zaunar da wanda bai taɓa taɓa abin ba, a ga wadda za ta fi masa sauƙi. Ni da aka aiko mini, cewa aka yi ana neman dattijo mai gaskiya ya raba gardama. Na sa babbar rigata na tafi ina jin kaina. Sai daga baya na ji yadda aka faɗe ta a taronku, wai in Baba Idi ya iya, to babu wanda ba zai iya ba.

Ɗaki ya cika, har ta taga ana leƙe. Aka ce abin da ake so kawai in buɗe hoton masallacin Juma'a a kowace. Kafin in zauna Nasiru ya yi dariya ya ce, "Baba, a dai ji tsoron Allah, kada a yi ta gida." Aka kwashe da dariya. Wasa ya yi, na sani, amma maganar ta shiga kunnen kowa.

Na fara da tasa. Aka ɗora hannuna a kan wani abu mai doguwar wutsiya da suke kira ɓera, aka ce in kai kibiya kan hoton in danna sau biyu da sauri. Alhaji, hannun da ya tsufa a kan ƙotar fartanya bai san sau biyu da sauri ba. Na danna, hoton ya biyo ni ya koma wani gefe. Na sake, wani akwati ya fito da Turanci yana tambayata abin da ban sani ba. Nasiru ya ce in yi kamar ina ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce mu a nan ba ma ƙwanƙwasa ƙofa, sallama muke yi. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma gumi ya riga ya jiƙa mini hula. Daga ƙarshe shi ya ɗora hannunsa a kan nawa kafin masallacin ya fito.

Na koma ta na wajena. Shi bai matso kusa ba, yana tsaye can jikin taga kansa a sunkuye, yadda ya kamata. Ya riga ya ƙara wa hotunan girma, kuma tasa sau ɗaya ake dannawa. Na danna, ga masallaci. Ba wanda ya taɓa hannuna. Sai na hangi wani hoto na kan saniya a gefe, karambani ya ja ni na danna shi ma. Kawai sai muryar Ardo Manu ta cika ɗakin: "Daga tsamiya mai kogo, ka ba gabas baya, ka yi taku arba'in..." Ya yi tari, aka ji ni ina cewa haka ne. Bello, babban ɗan Ardo, ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Ana cikin haka ka miƙe ka ce, "To Baba Idi, wacce ta fi sauƙi?"

Na ɗaga yatsa na nuna ta Nasiru.

Alhaji, kai Bahaushe ne, a garin nan aka yanke maka cibiya. A ina ka taɓa ganin uba ya tsaya gaban jama'a ya ce ɗansa na fari ya fi ɗan wani? Balle an riga an ce kada a yi ta gida. Mahaifina bai taɓa yaba mini aiki a gaban mutane ba, sai bayan ransa na ji a bakin abokansa abin da yake faɗa a kaina. Haka muka taso. Ni na zaci kowa a ɗakin ya gane. Da mutanen da ne, za su ji abin da na faɗa, su yi murmushi, su ce kunya ce ta hana shi, sannan su yi aiki da abin da idonsu ya gani. Ku kuwa sakatarenku ya sunkuya ya rubuta abin da na nuna, aka tafa, aka yi addu'a, aka watse. Na waiwaya wajen taga, ba kowa. Na wajena ya riga ya fita, ko gida bai biya ba ya hau mota.

Cikin makon nan Nasiru ya zuba tasa manhajar a ɗaya kwamfutar. Ba wanda ya gaya mini cewa in aka zuba sabuwa, wanke cikin ake yi tas. Da na san yatsan nan nawa muryar Ardo yake nunawa a share, da na karya shi kafin in ɗaga.

To yau ga shi a rubuce, kowa ya karanta: ƙarya na yi. Ta na wajena ce ta fi sauƙi a hannuna. Malam Sabo ya ɗaga biro ya ce in sake tunani kafin wannan ya shiga jarida, na ce ya rubuta. Ban ce ta fi a komai ba, ni ban san komai ba balle in faɗa, wataƙila zancen firinta gaskiya ne. Abin da hannuna ya ji na faɗa. Amma laifin nan raba shi za mu yi. Ni na yi ƙarya saboda kunya. Ku kuma kun ɗauki tambayar da ba a yi wa uba kun yi mini a bainar jama'a, alhali garin cike yake da tsofaffin da ba su da ɗa a cikin gardamar.

Na huɗu, faifai.

Da na gane abin da ya faru na sami Nasiru. Ya ce in kwantar da hankalina, kafin ya wanke sai da ya kwashe komai a faifai. Na ce to a sa in ji. Ya ce ai nan gizo ke saƙar... a'a, ba haka ya ce ba, cewa ya yi nan matsalar take: in ya sa faifan sunan abin yana fitowa, amma ba ya magana, don manhajar tsuntsu ta ɗaure muryar da wani irin ƙulli da tasa ba ta san shi ba. Ya ce wannan ma hujja ce a kan abin da yake faɗa tun farko. Na ce ni ba hujja na zo nema ba.

Na wajena kuwa ba zan iya tararsa da zancen ba, kun san haka. Na aika mahaifiyarsa. Amsar da ta kawo ita ce, ƙullin ba wani ƙulli ba ne, kafin a sha ruwa a ajiye moɗa zai kwance shi, amma ba wanda ya kira shi, kuma Baba ya riga ya zaɓa, a tambayi wanda ya zaɓa. Yana zuwa da Sallah, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye mini shadda, ya tashi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Shi faifan ma yana ina? Nasiru ya ce ya ba sakatare. Sakatare ya ce yana cikin kabad. Makullin kabad yana wajen ma'aji, ma'aji an yi masa canjin wurin aiki. Akawu ya ce ya taɓa leƙawa ya ga faifai sun fi goma, ba wanda aka rubuta wa suna, kuma an ɗebi wasu an kwafi wa'azi a kai. Kwamfutar da aka kai makaranta ta mutu tun bara, kaji ke kwana a bayanta. Ga shi kuma ina jin labari har yanzu mutanen nan biyu suna gardamarsu a Kano, kowa da jama'arsa, kuma Nasiru in ya so rufe baki sai ya ce ai ko tsohon ƙauye da bai san bihim ba tasa ya zaɓa. Wato ƙaryata ce ke yawo a birni da sunana.

Na biyar, abin da ya sa ba zan ƙara jira ba.

Bana wani mai hali ya sa garma ya shiga burtalin, ya cinye fiye da rabinsa daga wajen suri biyu. Shanu sun rasa hanyar mashaya sai ta cikin shuka, kuma kun san abin da ke biyo bayan wannan. Sau biyu ana zare sanda, Allah ya tsare ba a zub da jini ba. Bello ya kai ƙara gaban alƙali. Na je na ba da shaida. Shi mai garmar ya kawo mutum biyu, waɗanda ba a haifa ba lokacin da muka ja igiya, suka ce su tun tasowarsu nan gona ce. Lauyansa ya ce ni tsoho ne, idona ya yi rauni, kuma ni kaɗai ne. Sai Bello ya miƙe ya ce akwai muryar mahaifinsa a ajiye, shi da kunnensa ya ji ta, mutum ɗari sun ji ta. Alƙali ya ce a kawo ya saurara, ya ga ko za ta ƙarfafa shaidata. Ya ɗaga zama zuwa bayan an gama girbin dawa.

Da muka fito Bello ya riƙe mini takalmi har na sa, ya ce, "Baba, yaushe za mu je mu karɓo?" Bai san an wanke ba. Duk shekarun nan ban iya gaya masa ba. Na ce masa ana nan ana shiri. Wannan ƙarya ta biyu ke nan, kuma ita ta farko ce ta haife ta. Dawa ta riga ta fara sunkuyar da kai, Alhaji.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ba kuɗi ba ne, ba kujera ba.

A fasa kabad ɗin nan. In kuna jin tsadar kwaɗo, ni zan sayar da zakara in saya muku sabo.

A kira Injiniya Nasiru da na wajena rana ɗaya, da takarda daga hannunka, don kada ɗaya ya ce ba a kira shi ba. A zaunar da su a ɗaki ɗaya da faifan nan duka, kowa ya zo da na'urarsa, a sa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya kwance ƙulli ya kwance, wanda ya iya riƙe fitila ya riƙe. In sun gama su koma Kano su ci gaba da gardamarsu har tashin kiyama, ba ruwana.

A buɗe littafin taronku, inda sakatare ya rubuta abin da na nuna, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa mai shaidar ya janye. Nasiru kuma, ɗana ne shi ma, ban riƙe shi da komai ba, amma ya daina kafa hujja da ni.

Na ƙarshe, kuma shi ne babba. Ina son amsa daga bakinka kai Shugaba, ba ta hannun direba ba, kafin a sa magirbi a dawa. Kalma ɗaya ce: muryar Ardo Manu tana nan, ko babu? In tana nan, ku ba Bello ya kai wa alƙali. In babu, ku ce mini babu. Zan ɗauki sandata in taka har gidan Ardo, in zauna gaban 'ya'yansa in gaya musu da bakina cewa ni na nuna aka share mahaifinsu. Wannan tafiya tawa ce, ba wanda zai yi mini ita. Amma ba zan yi ta a kan zato ba, kuma ba zan mutu ina cewa ana nan ana shiri ba. Ku amsa mini.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi riƙo da hannunka a kan wannan shugabanci, ya shirya mana zuriya baki ɗaya. Allah ya jiƙan Ardo Manu da dattawan da suka shata mana hanya, ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Naku,
Idi ɗan Tanko, daga ƙasar Durun.